Ratar da Zakiyya Ta Bar wa Damina

Duk wanda ya san Limawa ya san shagon Malam Sanda kafinta. Kakansa ne ya kafa shi, mutumin da ya biyo layin dogo ya zo Minna gyaran taragon jirgi, ya ga gari ya yi masa, ya zauna. Tun daga lokacin ba a taɓa ganin ƙofar shagon a rufe da rana ba sai Juma'a da Sallah, har shekarar da ɓarin jikin Malam Sanda na dama ya shanye. Zarto ya faɗi daga hannunsa, bai sake ɗaukarsa ba.

Babu ɗa namiji da ya tsaya a sana'ar. Sai Zakiyya, 'yarsa ta uku, wadda ta tashi da garin katako a gashinta, ta je kwalejin fasaha ta karanto ilimin gini, ta dawo da takarda da kuma bakin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ita ce ta share shagon, ta wasa kayan aiki, ta ajiye wa mahaifinta kujera a bakin ƙofa, ta ce daga yau ita ce kafinta.

Baffa Ɗayyabu, ƙanin mahaifinta, yana da rabo a shagon, domin gadon gida ne. Shi kuwa ya riga ya yi magana da wani Abdulwasiu mai haɗa tagogin alminiyom a Barkin Sale, wanda hayarsa za ta ƙare a ƙarshen watan Yuli, yana neman wuri.

"Zakiyya," in ji Baffa, "leƙa titin nan daga farkonsa har ƙarshensa. Nuna min gida ɗaya mai tagar katako."

"Ga namu nan, Baffa."

"Sabon gida nake nufi, sarkin baki."

"Za a gina."

"To, a gina. Na ba ki zuwa ƙarshen Yuli. Ki yi wa mutum ɗaya aiki, ya ji daɗinsa har ya kawo miki wani. In hakan ya faru, ba zan ƙara ɗaga maganar ba. In bai faru ba, Abdulwasiu ya shigo, ke kuma ki ɗauki takardarki ki nemi ofis kamar sauran 'ya'yan mutane."

Malam Sanda yana jin su daga kujerarsa. Tun da ciwon ya same shi magana take yi masa nauyi, sai ya tara ta kafin ya fitar.

A watan Fabrairu aiki ya zo. Alhaji Ndaliman, mutumin Bida, dillalin shinkafa, yana gama sabon gida a Dutsen Kura. Shi dai alminiyom ya so, amma matarsa Hajiya Mariyamu ta kafe. Ta ce shekara tara tana gidan haya, da rana tagar ta yi zafi kamar murfin tukunya, in iska ta taso kuma ta yi ta kaɗawa tana ƙara kamar ana buga gwangwani. Ta ce ita irin tagogin gidan mahaifinta take so. Aka ce musu in katakon maɗaci suke nema busasshe, su je Limawa.

Zakiyya ta kai su bayan shago, inda mahaifinta ya jera falankan maɗaci a inuwa tun shekara biyu da suka wuce, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta riƙa ratsawa.

"Alhaji, gara in gaya maka tun yanzu," ta ce. "Wannan ya fi alminiyom tsada. Kuma ba a sa shi a manta da shi. Duk bayan shekara biyu ko uku sai an sake masa fenti. Bayan firam ɗin, inda zai shiga bango, sai na shafe shi da maganin gara da baƙin mai."

Alhaji ya dubi matarsa. "Kin ji ko? Mai kaya da kanta tana kushe kayanta."

"Ban gama ba," in ji Zakiyya. "Ba ya ɗaukar zafi, ba ya ƙara. In wani wuri ya lalace, a cire wurin a sa sabo, ba sai an jefar da taga duka ba. In kun kula da shi, jikokinku za su buɗe tagar nan."

"Wa zai yi aikin?" in ji Alhaji.

"Ni."

Ya dube ta daga ɗankwali har takalmi, ya dubi Malam Sanda. Tsohon ya gyaɗa kai. Hajiya Mariyamu ta ce, "An gama."

Taga goma sha huɗu. Mako biyar Zakiyya ta yi a kansu, cikin zafin Maris da ke sa kwalta ta yi laushi. Ta yanka, ta fere, ta fafe ramuka ta haɗa gaɓoɓi, ta goge da samfefa har tafin hannunta ya yi kanta. Maƙwabta suna tsayawa kallo, wasu su yi sannu, wasu su yi dariya. Ranar da ta zo daidaita marfin taga da firam, mahaifinta ya yafito ta da hannun hagu, ya miƙa mata kwalin ashana.

"Tsinke biyu," ya ce a hankali. "Kowane gefe."

"Na sani, Baba. Mun karanta."

Ta sani kuwa. Katako da rani yana tsukewa, da damina ya sha laima ya kumbura. Kafintan da ya haɗa taga cikin zafin Maris ya matse ta cif-cif, ya haɗa wa mai gida rigima ne zuwa watan Yuli. Saboda haka ake barin rata kaurin tsinken ashana biyu tsakanin marfi da firam. Abin da ba ta yi ba shi ne gaya wa Alhaji. A ganinta aikin hannunta ba ya bukatar dogon bayani.

Aka kai tagogi, aka kafa, aka sa gilashi da raga. Kwana uku bayan haka aka kira ta Dutsen Kura. Ta tarar da Alhaji a tsaye a falo, da Ndatsu, birkilan da ke kula da ginin, wanda tun farko ya so a ba wani abokinsa aikin. Ndatsu ya zaro katin cirar kuɗi daga aljihu, ya zura shi a gefen taga, ya ja daga sama har ƙasa, katin yana tafiya ba abin da ya tare shi.

"Alhaji, ka gani? Nan sauro zai shigo da matarsa da surukansa, ba sai ya sunkuya ba."

Leburori suka kwashe da dariya.

"Akwai raga," in ji Zakiyya. "Kuma marfin yana kwanciya a kan leɓen firam ta ciki. Ratar ta damina ce. In ruwa ya zauna katakon zai cike ta."

"Au, girma zai yi?" in ji Ndatsu. "To, mu riƙa ba shi tuwo."

Aka sake dariya. Nan Zakiyya ta fusata.

"Malam Ndatsu, da ka san katako da ba ka tsaya a siminti ba. Wanda bai san abu ba ya tambaya."

Alhaji ya ɓata rai. "Ke yarinya, ni ma ban sani ba ke nan? Shekarata sittin ina buɗe taga."

"Buɗewa daban, haɗawa daban, Alhaji."

Ta san ta yi ɓaranɓarama tun kafin maganar ta gama fita, amma ba ta janye ba. Ya ce ta zo ta toshe ratar. Ta ce ba za ta lalata aikinta da hannunta ba, a jira ruwa. Ta ɗauki jakarta ta fito ta tari keke.

Washegari da hantsi motar Alhaji ta tsaya a ƙofar shago. Bai zauna ba. A tsaye, a gaban mai shayi da teloli da duk wanda ke wucewa, ya gaya wa Malam Sanda cewa sunansa ya biyo, ga shi an haɗa shi da 'yar koyo mai girman kai, ta yi masa tagogi kamar haƙoran tsoho. Malam Sanda ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita a kan lokaci, mota ta tashi.

Da jama'a suka watse, ya kira 'yarsa.

"Aikinki daidai ne," ya ce. Ya huta. "Bakinki ne... ba daidai ba."

"Baba, dariya suke min."

"Da kin gaya masa... tun ranar farko."

Ta shiga ciki ta kama share abin da ta riga ta share.

Bayan mako guda Hajiya Mariyamu ta kira ta a waya. Ta ce Ndatsu ya kawo wani kafinta, ya bi gefen tagogi da siraran katako ya manna ya buga, ya toshe ratar tsaf. Biyar ya yi, uku na babban falo da biyu na ɗakin Alhaji.

"Da ya nufo sashena na tsaya a ƙofa," in ji Hajiya. "Na ce wadda ta gaya min aibin kayanta kafin in saya ba za ta yi min ƙarya a kan rata ba. Tara suna nan yadda kika bar su. Amma fa 'yar nan, ki yi addu'a ruwan ya zo, don kullum sai an yi min gori a gidan nan."

Ruwan kuwa ya yi nawa a shekarar. Afrilu ta wuce da yayyafi biyu da bai jiƙa ƙasa ba. A Mayu hadari ya riƙa haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi, iska ta kwashe shi. Labarin tagogi ya zaga Limawa. Wanda ya yi niyyar kawo ƙofa ya fasa. Aikin da ke zuwa sai gyaran ƙafar benci da marfin akwati, su ma daga tsofaffin da ke jin kunyar Malam Sanda. Zakiyya ba ta raina ba. Kullum ƙarfe bakwai ta buɗe shago, ta fito da kujerar mahaifinta, ta ɗaura gyalenta a ƙugu, ta gyara benci kamar gadon amarya take yi. In ta zo wucewa mai shayi ya ce, "Injiniya, katakon ya girma kuwa?" sai ta ce, "Yana gaishe ka," ta wuce kanta a sama. Sai ta shiga bayan shago, inda ba mai ganinta, sannan take zama a kan falanki ta riƙe kanta da hannu biyu.

A tsakiyar Yuni Abdulwasiu ya zo da tef ya auna shagon. Mutum ne mai ladabi, har ya durƙusa ya gaida Malam Sanda, abin da ya sa ta kasa jin haushinsa yadda take so. Baffa Ɗayyabu ya bar shi ya jingina dogayen sandunan alminiyom a bango ɗaya, wai kafin lokaci.

"Baffa, Yuli bai ƙare ba. Bai ma kama ba."

"Ai ba cizo suke ba. Ki saba da ganinsu."

Sai ga ruwa. Ya sauko a ƙarshen Yuni kamar an ɓalle bakin tulu, ya yi ta zuba kwana da kwanaki. Magudanan Limawa suka cika, gishiri ya jiƙe a kwano, wanki ya ƙi bushewa. Kowace safiya Zakiyya takan taɓa ƙofar bayan shago, ta ji ta fara ɗan kama ƙasa. Ta san abin da ke faruwa a Dutsen Kura, amma ta hana ƙafarta zuwa. Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, na uku ya shiga. Waya shiru.

Ranar wata Asabar, saura kwana tara Yuli ya ƙare, wajen sha ɗaya na safe, wayar ta yi ƙara.

"Zakiyya, kina ina?" Muryar Hajiya Mariyamu ce, ana jin dariya a ƙarƙashinta. "Ɗauko kayan aikinki ki zo yanzu. Kada ki tsaya sa hoda."

Sunan jikan Alhaji ake yi. 'Yan'uwa sun zo daga Bida mota-mota. An yi ruwa da asuba, rana ta fito a kansa, gari ya ɗauki irin zafin nan mai danshi da ke manne riga a baya, ga shi an ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Da Zakiyya ta shiga get, abin da ta fara gani shi ne sashen Hajiya, tagogi a buɗe, labule yana kaɗawa, mata suna ta hira. Ta juya ɓangaren falo. Manyan mutane cikin manyan riguna sun fito sun tsaya a baranda suna fifita da hula. Tagogin falo uku a rufe gam. Gilashin ɗaya ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, Ndatsu na tsaye a gefensa yana murza kafaɗa.

Alhaji Ndaliman ya fito, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Sannu da zuwa," ya ce, bai dube ta sosai ba. "Sun ƙi buɗuwa. Yau kwana goma."

Amsoshi kusan biyar suka taso mata a baki, kowace ta fi 'yar'uwarta kaifi. Ta haɗiye su duka.

"Allah ya raya jariri, Alhaji. A ba ni hanya."

Ba ta tafi falo kai tsaye ba. Ta ce Alhaji ya biyo ta sashen Hajiya tukuna, baƙi biyu-uku suka bi bayansu. Ta rufe taga ɗaya da yatsa biyu, ta shige ta zauna ba ƙara. Ta ce a ba ta kati. Wani baƙo ya miƙa nasa. Ta gwada zura shi a gefe, da ƙyar bakinsa ya shiga. Ta sake tura tagar da yatsa, ta buɗe.

"Wannan ce ratar. Ga inda ta tafi. In rani ya dawo za ta dawo. Laifina ne da ban faɗa maka ba tun kafin a kafa su."

Sannan ta shiga falo. Ta sa bakin kurfinta na fafe katako a hankali tsakanin marfi da firam, ta ɗan buga, ta ɓanɓaro siririn katakon da aka manna. Farin katako ne ɗanye, ya sha ruwa ya kumbura har ya fara baƙi. Ta cire na kowane gefe, ta goge ragowar gam, ta tura. Tagar ta buɗe, iska ta shigo ta ɗaga takardun da ke kan tebur. Wani tsoho daga baranda ya ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi kamar an ba shi ruwa. Kafin azahar ta buɗe duka biyar, baƙi suka koma ciki suka zauna.

Ba ta tafi ba sai da ta zaga sauran tara ɗaya bayan ɗaya. A kicin ta sami wadda ta ɗan karkace, sakatarta ba ta shiga daidai. Babu wanda ya lura, har Hajiya. Ta kira Alhaji ta nuna masa.

"Wannan tawa ce. Falankin da na yanka bai kai sauran bushewa ba. Ranar Litinin zan zo in sauya marfin."

Alhaji ya dube ta ya ce, "Me kike so in yi miki?"

"Ni ba komai. Amma abin da ka faɗa wa mahaifina, a bakin titi ka faɗe shi."

Ndatsu ya ce, "Kai, yarinyar nan!"

"Rufe mana baki," in ji Alhaji. "Kai ka je ka nemo mai gilashi."

Ranar Lahadi da la'asar motar ta sake tsayawa a Limawa. Alhaji Ndaliman ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban kujera, ya kama hannun hagun Malam Sanda da hannu biyu. Bai rage murya ba. Ya ce ya yi kuskure, 'yarsa ta fi shi sanin abin da take yi, a yafe masa. Mai shayi ya bar ruwa yana tafasa ya matso. Teloli suka tsayar da keken ɗinki. Baffa Ɗayyabu, da aka aika a kira shi, ya iso yana gyara hula.

Alhaji bai zo shi kaɗai ba. Tare da shi akwai surukinsa Alhaji Saifuddeen, wanda ya ba da katinsa jiya. Yana gini a Barkin Sale, taga goma sha takwas da ƙofa shida, kuma yana so a gama kafin watan gobe.

Baffa ya yi saurin cewa, "Za a yi, Alhaji, za a yi."

"Ba za a yi ba," in ji Zakiyya.

Baffa ya zaro ido.

"Busasshen maɗacin da ya rage ba zai wuce taga shida ba. Sauran sai na sayo, na jera, ya bushe. Ba zan taɓa shi ba kafin Maris. In kana sauri, Alhaji, ga kayan Abdulwasiu can a jingine, aikinsa yana da kyau, zan ba ka lambarsa."

Alhaji Saifuddeen ya dubi surukinsa. Alhaji Ndaliman ya ɗaga hannu biyu. "Ni dai na daina gardama da ita."

"To," in ji Alhaji Saifuddeen, "a fara da shidan, na ɗakunan kwana. Sauran in rufe da langa-langa in jira."

Malam Sanda ya fara dariya, irin wadda ba a ji daga gare shi ba tun kafin ciwo, rabin fuskarsa yana yi, rabi yana biye. Baffa Ɗayyabu ya daɗe yana kallon sandunan alminiyom da ke jingine a bango. Ya ciro waya, ya matsa gefe.

"Abdulwasiu? Kana jina? Ka samo mota gobe ka kwashe kayanka. A'a, ba rigima. Zan taya ka neman wani wuri."

Ya kashe wayar ya juyo. "Sarkin baki, saura kaɗan ki kori mutumin da zai cece ki."

"Ai bai tafi ba, Baffa."

Ta ɗauko tef da littafinta, ta gyara gyale, ta dubi Alhaji Saifuddeen.

"Mu je in auna tun rana ba ta faɗi ba. A hanya zan yi maka bayanin rata."